Dokar Kare Bayanan Jama'a: Shirin da ya Kamaci 'Yan Kasuwar Bauchi

A watan Yunin 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC don sa ido a kan yadda ake tattara sunaye, lambobin waya, lambar NIN, BVN da makamantansu. Da yawa daga 'yan kasuwar Bauchi na ɗaukar wannan lamarin bankuna da kamfanonin sadarwa ne kawai. Ba haka abin yake ba.

Bisa ka'idojin hukumar, duk wanda ya sarrafa bayanan mutane fiye da 200 cikin watanni shida yana iya shiga sahun waɗanda rajista ta wajaba a kansu. Makaranta mai zaman kanta, ko asibitin kuɗi, ko otal a Bauchi kan wuce wannan adadi cikin ɗan lokaci. Hakazalika dillali a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti da ke riƙe da littafin bashi da lambobin abokan ciniki, kaya ne na jama'a a hannunsa.

Shirin farko ba ya cin kuɗi: mai kamfani ya zauna ya ƙididdige irin bayanan da ke hannunsa, da inda suke, da wanda ke iya kai wa gare su. A nan ne akasari ake gano ɓaraka. Kwafin katin shaida jibge a aljihun tebur, sunayen masu saye a cikin wayar yaron shago wanda gobe zai iya barin aiki da ita, zauren WhatsApp da kowa ke ganin lambar kowa. Abin da ba a bukata a daina karɓarsa, wanda amfaninsa ya ƙare kuma a lalata shi, domin abin da ba a ajiye ba ba a sace shi. Sannan a riƙa gaya wa abokin ciniki dalilin karɓar bayanansa. Lambar da ya bayar don a kai masa kaya ba izinin aika masa talla ba ce.

Idan kuwa bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, doka ta ba da sa'o'i 72 a sanar da hukuma. Manyan kamfanoni kuma wajibi ne su naɗa jami'i na musamman kan wannan aiki.

Tarar ba ta wasa ba ce: tana iya kai wa Naira miliyan 10 ga manya, miliyan 2 ga ƙanana, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. A 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar Naira miliyan 555.8, kodayake bankin ya musanta aikata laifi, a 2025 kuma ta yanke wa MultiChoice fiye da miliyan 766.