Darasi: Tarihin Ƙanƙara a Cikin Lakar Tafki

A kan manyan duwatsu masu sanyi, irin su Dutsen Kenya da Ruwenzori a Afirka, dusar ƙanƙara kan taru shekara da shekaru har ta dunƙule. Nauyinta kan sa ta riƙa gangarowa sannu a hankali. Wannan shi ake kira kogin ƙanƙara.

Yana tafe yana goge dutsen da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda dutsen niƙa ke mayar da hatsi gari. Idan zafi ya zo, ruwan da ya narke sai ya kwashi garin ya zuba a tafkin da ke gindin dutse. Garin ya kwanta a ƙasan ruwa, na bana a kan na bara.

Masana sukan shiga kwale-kwale, su kafa dogon bututu cikin lakar, su zaro shi, su tsaga shi gida biyu. Nan za a ga laka hawa-hawa. Mai ruwan toka garin dutse ce, tana nuna lokacin da ƙanƙara ta yi yawa. Baƙa mai ruɓaɓɓen ganye kuwa tana nuna lokacin ɗumi, da ƙanƙara ta ja baya.

To, ta yaya ake sanin shekarun? A wasu tafkuna, bazara kan bar hawa mai haske da ɗan tsakuwa, hunturu ya bar mai duhu da laushi. Hawa biyu, shekara ɗaya ke nan. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gerard De Geer, shi ya bayyana wa duniya wannan ƙidaya a 1910. Ana kuma auna sinadarin kabon na ganyen da aka tsinta a lakar.

Da wannan hanya aka gano cewa Jostedalsbreen, babban kogin ƙanƙara na ƙasar Nowe, ya taɓa narkewa ƙaf kimanin shekara 7,000 da suka wuce, daga baya ya dawo. Yau ƙanƙarar Ruwenzori na raguwa da sauri. Sanin yadda ƙanƙara ta yi a da shi ke ba masana ma'aunin gane girman canjin yanzu.

Tambayoyi
1. Daga ina garin dutse ke fitowa?
2. Me baƙar laka ke nunawa?
3. Hawa nawa ne shekara ɗaya?