Ɗan Dambe da Ɗan Kokawa: Wa Zai Kada Wani?

Wani mai sauraronmu daga Bagudo, can iyakar Benin a jihar Kebbi, yana tambaya: idan ɗan dambe da ɗan kokawa suka haɗu a gasar UFC, inda ake haɗa naushi, shuri da kokawa, wa zai yi nasara?

To malam, mun gode da wannan tambaya. A ganina ɗan kokawa ya fi rinjaye, domin shi ke zaɓar inda za a yi faɗan. A dambenmu, da zarar gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, turmi ya ƙare. A UFC kuwa, faɗa na ci gaba a ƙasa, kuma a nan ne ɗan kokawa ke cin kasuwarsa.

Dubi Israel Adesanya, haifaffen Legas, gwanin naushi da shuri daga nesa. A 2021 Jan Blachowicz, wanda ya fi shi nauyi, ya riƙa kayar da shi yana danne shi, har alƙalai suka ba Blachowicz nasara.

Amma fa kada ka yi saurin rantsuwa. Kamaru Usman ɗan kokawa ne, yana kan gaba da maki a 2022, saura kamar minti guda a tashi, Leon Edwards ɗan Ingila ya shure shi a ka, ya faɗi sumamme, kambun da Usman ke riƙe da shi ya tafi Ingila.