Darasi Na 14: Katin Taswira A Mota

Wasu motoci suna da na'ura mai nuna hanya. Sunanta GPS. Tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam da Amurka ta harba sama. Da saƙon taurari 4 take gane inda mota take.

Amma taurarin ba sa aiko da taswira. Taswira a cikin na'urar take. In babu taswirar gari a ciki, ba za ta nuna titunansa ba.

Ga misali. Direba zai tashi daga Kano zuwa Maraɗi. Zai bi ta Katsina da Jibiya. Taswirar Nijeriya kaɗai ke cikin na'urarsa. Da ya tsallake iyaka, sai ta daina nuna masa hanya. Ashe ya kamata ya nemi taswirar Nijar tun yana gida.

A kan katin memori ake zuba ƙarin taswira. Katin bai fi farcen yatsa ba. Tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11.

Ku riƙe waɗannan:

1. A kashe na'ura kafin a sa kati ko a cire.
2. In ya ƙi shiga, kada a tilasta. A juya shi.
3. A tsare shi daga ruwa da ƙura.

Taswira takan tsufa. Ba ta san gadar da ruwa ya ci jiya ba. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Ina taswira take?
2. Me direba zai nema kafin ya tafi Maraɗi?