Harshen Ƙorafi a Bakin Baƙo: Daga Gidan Fatoma Zuwa Otal a Yammacin Katsina

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda Bahaushe ke bayyana rashin gamsuwarsa da masaukin da ya biya kuɗi ya kwana a cikinsa. Hujjarta ita ce, kalmar “baƙo” tana ɗauke da nauyin al'adar karamci wadda ba ta tanadi harshen ƙorafi ba, kuma otal ya gaji kalmar ba tare da ya gaji hanyoyin da suka tsare haƙƙin baƙo a da ba. An ɗauki Batsari da Safana a matsayin farfajiyar nazari.

1.0 Gabatarwa

Abubuwan da masu kwana a ƙananan otal-otal ke kuka da su sanannu ne: famfo babu ruwa, a kashe janareta da tsakar dare, zanin gado da ba a sauya ba, ga sauro, ga ma'aikacin da ke amsa sallama idonsa na kan waya. Abin da ya shafi manazarcin Hausa shi ne yadda ake furta wannan kuka, da kuma wanda ake furta wa.

2.0 Masauki Kafin Zuwan Otal

Ƙasar Batsari da Safana tsohuwar hanyar matafiya ce. A watan Maris na 1853 Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya bar Katsina zuwa Sakkwato cikin ayarin Galadiman Sakkwato, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Safana, kafin su keta daji zuwa Zurmi. Barth baƙo ne mai yawan kuka. Ya koka da yadda Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi a farkon 1851, ya kuma koka da duhun gidan da aka sauke shi a Kano. Sai dai duk wannan a littafi ya zuba shi, domin masu karatu a Ingila da Jamus.

Shi kuwa falke Bahaushe, gidan fatoma yake sauka, wato maigidan da ke ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Hill (1966) ta bayyana wannan tsari a Kumasi, Cohen (1969) kuma a unguwar Sabo ta Ibadan, inda maigida ke tsaya wa baƙonsa a kan bashin shanun da mahauta suka ɗauka. Abin lura a nan shi ne, ba kuɗin kwana ne ke riƙe da maigida ba. Arzikinsa yana cikin la'adar cinikin da baƙon ya kawo, da kuma dawowar baƙon baɗi. Don haka falken da aka wulaƙanta ba ya buƙatar ɗaga murya. Ya ishe shi ya sauya masauki, labari kuma ya bi ayari. Shirunsa hukunci ne mai cizo, domin maigidan ya san shi, ya san garinsu, ya kuma san abin da ya rasa.

3.0 Sigogin Ƙorafi

Kirk-Greene (1974) ya lissafa karamci da kunya da haƙuri cikin siffofin mutumin kirki. Na farko nauyi ne a kan mai masauki, biyun ƙarshe kuwa su ne ke ɗaure harshen baƙo. Karin magana ma haka ta raba aikin: “baƙonka annabinka” umarni ne ga mai gida, “baƙo raɓa ne” kuma tunatarwa ce cewa zaman ɗan lokaci ne, bai kai a ɓata fuska ba. Wanda aka yi wa alheri ba ya kushe tabarma. Matsalar ita ce mai kwana a otal ba alheri aka yi masa ba, amma da sunan baƙo ake kiransa, shi ma da wannan suna yake ganin kansa.

Daga nan ne ƙorafin ke fitowa a lulluɓe. Mafi yawan lokuta yakan zo da sigar tambaya: “Ko an ɗauke ruwa ne?” Mai tambayar ya san amsa. Amfani da lamirin “an” shi ne dabarar, domin ya ɓoye mai laifi, ya bar wa ma'aikaci ƙofar fita. Wani lokaci yakan zo da raha: “Jiya ai sauro ya yi mana kyakkyawar maraba.” Brown da Levinson (1987) sun kira irin wannan dabarun kare fuska, sai dai a ganin wannan maƙala, a Hausa fuskar da ake karewa ta mai magana ce kafin ta abokin magana, don kada a ce da shi mai ƙorafi ne ko marar godiya.

Amsar da ke biyo baya kusan guda ce: “A yi haƙuri, Alhaji.” Wannan jimla ta cancanci nazari na musamman. A zahiri ban-haƙuri ce, amma ba ta ɗauke da amsa laifi ko alkawarin gyara, kuma tana mayar da nauyi kan wanda aka cuta. Idan ya ci gaba da magana bayan an ba shi haƙuri, shi ne ya zama marar haƙuri. Sai ya yi shiru, ya kai kukan majalisa ko shafin Facebook, inda mai otal ba lallai ne ya ji ba.

4.0 Batsari da Safana a Yau

Hirschman (1970) ya nuna cewa wanda bai gamsu da hidima ba yana da hanya biyu: ya yi magana ko ya fice. An ga yadda al'ada ta raunana ta farko. A waɗannan ƙananan hukumomi biyu da ke bakin Dajin Rugu, rashin tsaro ya raunana ta biyun. Bayan hare-hare irin na Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin a 2021, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Wanda dare ya riska a irin wannan wuri ba zai ɗauki jakarsa ya kama hanyar Katsina ko Dutsin-Ma don famfo ya ƙafe ba. Mai masauki ya san haka.

Doka ba ta yi shiru ba. A Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke cewa rajista da sa ido kan otal-otal hurumin jihohi ne, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 kuma ta ba wanda ya biya kuɗin hidima damar neman haƙƙinsa. Amma kafin mutum ya nemi haƙƙi, sai ya sami sunan da zai nema da shi, kuma “baƙo” ba ya ba da wannan dama. Wannan ne ya sa idan tura ta kai bango Bahaushe kan ajiye kalmar gaba ɗaya ya ari wata: “Malam, ni fa kwastoma ne, da kuɗina na shigo.” A cikin jimla guda ya soke dangantakar karamci ya kafa ta ciniki, kuma sai a lokacin ne lamirin “an” ke komawa “kun”: “Kun karɓi kuɗina, ba ku ba ni ruwa ba.”