Yadda Ake Kula da Mesar Gida Idan Ta Amayar da Abinci

A ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, inda fadamu da gonakin rake ke tara ɓeraye, manomi kan ci karo da 'yar mesa, kuma akan sami gardi ko saurayi mai sha'awa ya ajiye ta a akwati. Abin da ke yawan tayar wa mai ita hankali shi ne ta haɗiye ɓera yau, jibi ya tarar ta amayar da shi yana wari. Wannan bayani na mesa ne kaɗai, wadda ba ta da dafi. Kasa, kububuwa da gamsheƙa ba abin ajiyewa a gida ba ne.

Da farko, kwashe aman, ka wanke akwatin, ka sa mata ruwa mai tsabta, sannan ka ƙyale ta. Kada tausayi ya sa ka ba ta wani ɓeran washegari. Amai yana ƙona mata maƙogwaro, yana kuma raunana cikinta, sai ta yi mako 2 kafin ta murmure. Wanda ya yi gaggawa zai ga amai na biyu, wanda ya fi na farko haɗari.

Cikin waɗannan kwanaki, duba ɗumin wurinta, domin galibi nan matsalar take. Jikin maciji ba ya samar da zafin kansa, daga waje yake samu, kuma da wannan zafin yake narkar da abinci. A daren hunturu na Disamba da Janairu, ɗakin kwano a wannan yanki yakan yi sanyi ƙwarai, sai ɓeran ya fara ruɓewa a cikinta kafin ya narke, dole ta fitar da shi. Sayi ma'aunin zafi. Gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗayan ya ɗan fi sanyi don ta zaɓi inda take so. Ɗaga akwatin daga kan siminti. Idan babu wuta, gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin tsumma tana taimakawa. Kada ka kusanto da kaskon gawayi, hayaƙinsa na kisa. A watan Afrilu kuwa, zafin ne abin tsoro, sai ka nemo mata inuwa.

Bayan mako 2, ba ta ɓera ƙarami, kamar rabin wanda ta saba ci. Ko da ta warke, abincinta kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Ba ta matacce, domin ɓera mai rai yakan ciji mesar da ba ta jin yunwa har ya yi mata mummunan rauni. Ka kiwata ɓerayenka da kanka. Na rumbu da na kasuwa mai yiwuwa sun ci shinkafar ɓera, gubar kuma za ta bi su cikin mesar. Madara ba abincin maciji ba ce, ko wane ne ya gaya maka.

Da ta ci, kada ka ɗauke ta, kada ka nuna wa baƙi ita, har kwana 2 cif. A ganina wannan ne ya fi wuya ga masu wasa da ita a bainar jama'a, amma babu makawa.

Ƙin cin abinci kaɗai ba ciwo ba ne. Idan idanunta sun yi hazo, saɓa za ta yi, jira ta gama. Farin abin da ke fita tare da kashinta ma fitsarinta ne. Idan kashi ya daɗe bai fito ba, sa ta a ruwa mai ɗan ɗumi marar zurfi na minti 15, kana tsaye a kanta. Wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta, saboda ƙwayar salmonela.

Idan ta sake yin amai, ko tana ramewa, ko ka ga kumburi a ciki, majina ko ruɓa a baki, kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Tafi da sabon kashinta a leda don a duba tsutsar ciki, wadda ta zama ruwan dare ga mesar da aka kamo a daji.