Cikar Teku da Janyewarta

Mu mutanen Gobir cikar ruwa iri guda muka sani: Gulbin Rima ya kawo da damina, ya malale fadamun Alkalawa da Sabon Birni, rani ya yi ya bar yashi. Wanda ya kai iyalinsa bakin teku da wannan lissafi, lalle ya shirya wa kansa wahala.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda cikin 1929 fataken wajenmu suka riƙa gangarawa Ikko neman goro, waɗansu har da mata da yara. Mu ma da muka je da namu, muka shimfiɗa tabarmi bisa busasshen rairayi, yara na korar ƙaguwa zuwa ramukanta. Kafin la'asar ruwa ya ci wurin, da ƙyar muka fizgo autanmu. Ga shi ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba!

Dalili kuwa, wata ne ke jan ruwan teku. Takan cika sau 2, ta janye sau 2 cikin awa 24 da minti 50, watau cikar gobe takan makara da misalin minti 50. Wajen tsayuwar wata da daren 14 jan rana yakan haɗu da na wata, sa'an nan cikar ta fi girma. Almajirin da ya iya ƙidayar wata ba ya shan wuya a nan.

To, a gwada 'yan aji: in teku ta cika ƙarfe 2 na rana ran Littinin, ƙarfe nawa za ta cika ran Alhamis?