Gyara a Baki, Hukunci a Takarda: Ga Sabbin Ma'aikatanmu a Jamus

Yana ci mini rai in ga ƙwararren mutum, injiniya ko ma'aikaciyar jinya, ya sha wahalar biza da koyon Jamusanci, sannan ya rasa gurbinsa saboda bai san yadda ake ce wa abokin aiki "wannan bai yi ba", bai kuma san yadda ake karɓar maganar in shi aka faɗa wa ba. Rajistar adireshi cikin mako biyu, inshorar lafiya, asusun banki, duk wanda ka tarar a masallacin Juma'a a Hamburg ko Berlin zai nuna maka hanya. Ni a kan maganar gyara zan tsaya.

Mun tashi cikin kara da kawaici. In na gaba da kai ya yi kuskure sai ka yi masa hannunka-mai-sanda, ko ka nemi wanda yake jin nauyinsa ya je ya same shi. Tarbiyya ce mai kyau, ba na son kowa ya yar da ita a filin jirgin Frankfurt. Amma a ofis ko asibiti ko ma'ajiyar kaya a nan, kewaye-kewaye ba ya kai saƙo. Ka ce wa Bajamushe "da dai an ɗan sake duba lissafin nan", abin da ya shiga kunnensa shi ne lissafi ya yi, dubawa kuma ganin dama ce. Bayan mako guda ɓarna ta fito, a tambaye ka don me ka gani ka yi shiru. Tura wani ya yi masa magana kuwa ya fi muni, don a wurinsa ka ci namansa ne a bayan ido.

Maimakon haka, ka same shi shi kaɗai, ranar da abin ya faru ko washegari. Ka ambaci aikin, ka faɗi abin da ya jawo, ka ce ga abin da kake so. Ma'aikaciyar jinya za ta ce wa 'yar'uwarta: "Daren jiya ba a rubuta maganin mutumin ɗaki na 4 a fayil ba. Da safe saura kaɗan in sake ba shi. Don Allah a riƙa rubutawa kafin a miƙa aiki." Shi ke nan. Babu "kullum haka kike", babu "ba ki da kula". Halinta ba hurumin kowa ba ne, aikin ne na tarayya. Sannan a yi shiru a saurara, don wataƙila kwamfutar ce ta ƙi aiki daren nan. Kuma ko rai ya ɓaci, kada ka sauka daga "Sie" na girmamawa zuwa "du" in ba a ba ka izini ba.

In kai aka gyara, ko da a gaban taro ne, kada ka kumbura ka daina gaisuwa. Wanda ya ce maka ka yi kuskure da ƙarfe goma, shi zai kira ka shan kofi da sha biyu, bai riƙe komai ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sai dai ka san iyaka: in magana ta bar aiki ta koma kan launin fatarka ko addininka, wannan wulaƙanci ne. Akwai dokar hana wariya ta 2006, wadda ake kira AGG, kuma wata biyu kawai ta ba ka ka nemi diyya a rubuce. Kada ka haɗiye da sunan haƙuri, kada kuma ka ɗaga murya a tsakiyar ofis, ka ba su abin faɗa a kanka da kan duk baƙin da zai zo bayanka.

Yanzu ga ramin da ni na faɗa. Jamusawan da ba sa ɓoye gaskiya a baki, a takarda ba sa faɗinta kai tsaye. Duk wanda ya bar aiki yana da haƙƙin karɓar takardar shaidar aiki, wadda suke kira Arbeitszeugnis. Sashe na 109 na dokar sana'o'i ne ya tanadi haka. Kotuna sun ce dole ta zama gaskiya, dole kuma a rubuta ta da kyautatawa. Tsakanin waɗannan sharuɗɗa biyu masu ɗaukar ma'aikata suka ƙirƙiro zaurance. Da na bar wani wurin aiki, an miƙo mini tawa da sa hannu da tambari, an ce na yi ƙoƙari, "bemüht", wajen sauke nauyin da aka ɗora mini. Na ji daɗi, har na karanta wa mutanen gida a waya. Na yi ta lanƙaya ta a takardun neman aiki, shiru kake ji. Sai da wata dattijuwa a ofishin ƙungiyar ƙwadago ta ɗora yatsa a kan kalmar ta ce: "Wannan na nufin ka yi ƙoƙari, amma ka kasa." Shugaban da ya sa hannu bai taɓa zaunar da ni ya ce ga inda na gaza ba. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan har yau.

Ma'aunin yana tafiya kamar makin makaranta, daga 1 zuwa ƙasa. "Stets zu unserer vollsten Zufriedenheit", wato a ko da yaushe sun gamsu matuƙa, shi ne na ɗaya. In an ce "zur vollen Zufriedenheit" babu "stets", matsakaici ne, maki 3. "Zu unserer Zufriedenheit" tsura kuwa da ƙyar ka tsallake. Ana duba jerin ma: in an ambaci zamanka da abokan aiki kafin shugabanni, ko an tsallake shugabannin, mai karatu zai fahimci an yi saɓani. A 2014 babbar kotun ƙwadago ta tarayya ta yanke cewa in kana son makin da ya wuce matsakaici, kai za ka kawo hujja. To da me za ka kawo ta in ba ka ajiye komai ba? Sannan kwantiragi da dama suna ɗauke da wa'adin neman haƙƙi, sau da yawa wata uku, wanda in ya wuce bakinka ya mutu. Nawa ya riga ya wuce.

Saboda haka ka nemi a gyara ka tun da wuri, musamman a lokacin gwaji, wanda kan kai wata shida, ana kuma iya sallamarka a cikinsa da sanarwar mako biyu. In izinin zamanka a kan aikin yake, mako biyu gare ka ka sanar da ofishin baƙi cewa an sallame ka. Kada ka jira ranar ƙarshe ta gwajin. A wata na biyu ka je ka ce wa shugabanka: me nake yi daidai, me zan gyara? Bayan zaman ka aika masa gajeren imel na abin da kuka tattauna, ka adana kwafi. In aka ba ka gargaɗi a rubuce, kana da ikon ganin fayil ɗinka, ka kuma sa naka bayanin a ciki. Majalisar ma'aikata, in akwai ta a wurin, za ta tsaya maka.

Nauyin takarda ne ma ya sa nake roƙonku kada ku yi gaggawar rubuta ƙorafi a kan abokin aiki kuna sa shugaba a kwafi. Abin da aka faɗa a baki yana wucewa, wanda aka rubuta yana iya bin mutum shekaru, ya taɓa abincin 'ya'yansa. Ka fara da baki, sau ɗaya, sau biyu. In abu ya shafi ran mara lafiya ko ya ƙi gyaruwa, ka gaya masa a gabansa cewa za ka kai sama, sannan ka kai.

Ran da ka ji za a canza maka shugaba, ko za a mai da kai wani sashe, ka nemi takardar shaida ta wucin gadi tun wanda ya san aikinka yana nan. Ka kai wa ƙungiyar ƙwadago ko wani da ya daɗe a ƙasar ya karanta maka ita layi-layi kafin ka sa ta cikin jaka.